FASHIN BAƘI: Yadda sanyin hunturu ke juya kasuwar fatsa da jiragen shata a gaɓar tekun Texas

A tsakiyar watan Fabrairun 2021, lokacin da guguwar sanyi ta rufto wa jihar Texas ta Amurka, hankalin duniya kan mutane ya tafi. Gidaje sama da miliyan huɗu sun kwana cikin duhu, bututun ruwa sun daskare sun fashe, kuma ƙididdigar ƙarshe ta hukumomin jihar ta ce mutum 246 suka rasa rayukansu. Sai da rana ta sake fitowa ne mazauna gaɓar teku suka ga ɗaya ɓarnar. Matattun kifaye sun yi fari fat a bakin ruwa, iska tana tara su a kowane lungu, tsuntsaye sun ci har sun ƙyale.

Hukumar kula da gandun daji da namun dawa ta Texas ta ƙiyasta cewa aƙalla kifi miliyan 3.8 suka mutu, daga nau'o'i 61. Kashi 91 cikin ɗari ƙananan kifaye ne waɗanda ba a fita fatsa dominsu, sai dai su ne abincin manyan. Ragowar kashi tara ɗin kuwa su ne jarin wata sana'a da ba mu saba da ita ba a nan gida, wato sana'ar 'yan jagora masu ƙananan jiragen ruwa, waɗanda baƙo ke ɗaukar shatarsu na wuni ko rabin wuni su kai shi inda kifi yake, ya jefa fatsa don nishaɗi.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, wannan lokaci na sanyi da ke kashe kifin, shi ne kuma lokacin da gwanayen fatsa suka fi so. Domin a gane yadda aka yi haka, sai an fara sanin irin ruwan da ake magana a kai.

Ruwan da bai kai ƙirji ba

Idan aka ce kamun kifi a teku, abin da ke zuwa a rai shi ne babban jirgi a tsakiyar ruwa mai zurfi. Wanda ake nufi a nan daban ne. Gaɓar Texas, a gefen Tekun Meziko (wanda gwamnatin Trump ta sauya wa suna a takardunta a 2025), tana da dogayen tsibirai na yashi da suka yi wa ƙasa katanga. Tsakanin tsibiran da tudu akwai ruwan gishiri a kwance, mai faɗi amma marar zurfi, cike da ciyawar ruwa da taɓo da tudun kawa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Laguna Madre, wanda tsibirin Padre mai tsawon kimanin kilomita 180 ya tsare. Matsakaicin zurfinsa kimanin mita ɗaya ne, kuma saboda ƙarancin ruwan sama da na koguna, gishirinsa yakan fi na tekun kansa. Irinsa kaɗan ne a duniya.

Kifaye biyu ne ke riƙe da kasuwar wannan ruwa. Akwai wanda suke kira redfish, wato jan kifi, mai launin tagulla da baƙin tabo kusa da wutsiya. Akwai kuma speckled trout, wanda a nan za a kira shi mai-ɗigo saboda ɗigo-ɗigon da ke bayansa. Dukansu dangin kifin nan ne kuroka da ake gasawa a Legas da Abuja, dangin da mazansu ke yin wata ƙara kamar kiɗan ganga a lokacin barbara.

Kifi ba ya ɗumama jikinsa da kansa. Yadda ruwa yake, haka jininsa yake. Idan ruwa ya yi sanyi, motsinsa ya ragu, narkewar abinci a cikinsa ta yi jinkiri, sha'awar cin ma ta ragu. Ruwa marar zurfi kuwa ba ya riƙe ɗumi. Dare ɗaya na jaura ya isa ya sauke shi da digiri da yawa, kamar yadda ruwan kasko ke riga na randa hucewa. Wannan ne ya sa kifin gaɓa ba ya zama wuri ɗaya a hunturu, kullum yana bin inda ya fi ɗumi, ko da bambancin digiri ɗaya ne ko biyu. Duk ilimin ɗan jagora a wannan lokaci a nan ya tattaru: ya san ina ne wannan digiri ɗayan yake a yau, da misalin ƙarfe nawa.

Iskar arewa ce mai mulki

Hunturun gaɓar Texas ba sanyi ne mai ɗorewa ba. Zuwa yake yi yana komawa. Daga Nuwamba zuwa Maris, kusan kowane mako ko kwana goma, wata iska mai sanyi takan gangaro daga Kanada ta ratsa filayen tsakiyar Amurka, babu dutsen da zai tare ta, har ta faɗa teku. Rayuwar masu jiragen shata a kan wannan zagaye take tafiya.

Kwana ɗaya ko biyu kafin isowarta, iska daga kudu take kaɗawa, da ɗumi da laima, ruwa ya ciko cikin lunguna, kifi ya kama ci hannu baka hannu ƙwarya. 'Yan jagora suna danganta wannan da faɗuwar nauyin iska, kuma da yawansu sun fi son wannan rana a kan kowace. Sai iskar arewa ta iso, wani lokaci cikin minti kaɗan, sararin sama ya yi baƙi, ruwan da yake kwance ya tashi. A ranar babu mai hankalin da zai fita da ƙaramin jirgi.

Abin da ke biyo baya shi ne ya fi ba baƙo mamaki. Cikowa da janyewar teku a Texas ba su da ƙarfi, don haka iska ce ta fi wata iko da ruwan. Iskar arewa takan tura ruwan lunguna waje zuwa teku, har ya sauka da fiye da rabin mita a wurare irin su Galveston. Inda jiya jirgi ya bi, yau taɓo ne a fili da tudun kawa masu kaifi. Kifin da ya bazu a fili mai faɗi sai ya matsu cikin ramuka da hanyoyin jirage da bakin magudanai. Washegari sama takan yi garau, sanyi ya yi tsanani, kifi ya lafe a ƙasa ya ƙi koto. A rana ta biyu ko ta uku, idan iska ta kwanta, baƙin taɓon da ke ƙarƙashin ruwa ya fara shan rana, ya riga farin yashi ɗumama. Da azahar zuwa la'asar sai kifi ya hauro daga rami zuwa kan taɓon, yana shan ɗumi yana farauta. Shi ya sa a bazara ake fita tun kafin asuba, a hunturu kuwa ɗan jagora na iya ce wa baƙonsa ya karya kumallo a natse, ƙarfe tara ma ta yi.

Sanyi yana kuma kashe gansakukar da ke dagula ruwa a lokacin zafi. Ruwan sai ya yi tas, ana ganin ƙasa. A nan ne ake yin irin fatsar da suka fi alfahari da ita: a kashe inji, ɗan jagora ya hau wani dandamali a bayan jirgi yana tura shi da doguwar sanda, irin yadda ake tura kwale-kwale da gwangwala, yana hango jan kifi da ido kafin ya ce wa baƙo ga shi can, jefa gabansa. Amma idan kana ganin kifi, shi ma yana ganinka. Inuwar sanda ko ƙarar takalmi a kan jirgi ta isa ta watsa garke guda.

Wasu kuma sauka suke yi daga jirgin. Su sa wandon roba mai haɗe da takalmi har ƙirji, su shiga ruwan suna takawa a hankali cikin taɓo, awa biyar ko shida, suna jifa suna ja. A Baffin Bay, wani reshe na Laguna Madre mai duwatsun da tsutsotsin ruwa suka gina dubban shekaru da suka wuce, mutum na iya wuni a haka don cizo ɗaya tak. Dalili shi ne babban mai-ɗigo a hunturu ba ya ɓata ƙarfinsa wajen bin ƙananan jatan lande. Yakan jira kifi guda mai tsoka ya haɗiye, ya kwanta kwana biyu. Saboda haka koton da ake jefa masa na roba ne mai siffar kifi, wanda ke nutsewa sannu a hankali, kuma ana jan sa da jinkirin da ke gwada haƙurin mutum. Mafi suna a cikin irin wannan koto shi ne Corky, wanda wani mutumin Houston, Paul Brown, ya fara haɗawa da hannu a gidansa. Da shi ne Jim Wallace ya kama mai-ɗigo mai nauyin kilo shida da ɗoriya a Baffin Bay a Fabrairun 1996, wanda ya riƙe kambun jihar na wasu shekaru. Tun daga lokacin, Janairu zuwa Maris suka zama kakar masu neman babban kifi.

Ga wanda bai da wannan haƙurin, hunturu na da wasu kifayen masu sauƙin kai. Akwai wani mai ratsin fari da baƙi da haƙora kamar na mutum, wanda ke taruwa a gindin ginshiƙan gada yana ɓantarar kawa, akwai kuma baƙin ɗan'uwan jan kifi da ke shigowa garke-garke a Fabrairu da Maris. Su ne ke fitar da ɗan jagora kunya ranar da manyan suka ƙi.

Abin da baƙo yake biya

Ba kowa ne doka ta yarda ya ɗauki fasinja da kuɗi a ruwan gishiri ba. Sai mai lasisin rundunar tsaron gaɓar teku ta Amurka. Mafi yawan 'yan jagora suna riƙe da ƙaramin lasisin ne, wanda bai yarda a ɗauki fiye da fasinja shida ba. Kafin a ba mutum sai ya nuna shaidar kwana 360 a kan ruwa, 90 daga ciki a shekaru ukun baya, ya ci jarrabawa, a duba lafiyarsa, a yi masa gwajin ƙwaya, ya kuma koyi taimakon gaggawa. Bayan wannan, Texas tana da nata lasisin jagoranci na daban. Rundunar ta daɗe tana farautar masu shatar boge, waɗanda ke tallar kansu a Facebook da Instagram ba tare da takarda ba, domin irin waɗannan ba su da inshorar da za ta biya idan an yi hatsari.

Kuɗin shata yakan kama ɗaruruwan daloli ga mutum biyu ko uku, abin da a canjin yau ya kai ɗaruruwan dubban naira. A ciki akwai jirgi da mai da sandunan fatsa, galibi har da feɗe kifin a gyara shi bayan an dawo. Kuɗin koto mai rai wani lokaci daban ne. Al'ada ce kuma a ba ɗan jagora tukwici na kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. A Texas kowane baƙo sai ya sayi nasa lasisin fatsa, saɓanin Florida inda lasisin jirgin shata ke rufe duk wanda ke ciki. Wannan bambanci ya sha jefa baƙi hannun jami'an gandun daji, kuma 'yan Najeriya mazauna Houston, waɗanda Galveston ke da tafiyar kamar awa ɗaya daga gare su, ba su fi ƙarfin wannan kuskure ba.

Inda rigima ta fi tashi shi ne kafin alƙalami. Baƙo ya biya rabin kuɗi tun wata biyu kafin ranar, ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya kama ɗaki a otal, sai ga iskar arewa ta iso a daren. Idan kyaftin ne ya soke fita saboda yanayi, yawanci sauya rana ake yi ko a mayar da kuɗi. Idan kuwa ya ce za a iya fita, baƙo ne ya ji tsoron sanyi, to kuɗin ya tafi. Tsakanin waɗannan biyun akwai ranaku da yawa masu wuyar hukunci, inda fita ba za ta kashe kowa ba amma kowa ya san kifi ba zai ci ba. Ɗan jagora mai bashin jirgi a banki, wanda ya riga ya rasa kwana huɗu a makon, yana da dalilin da zai ce a fita. Hotunan da ke shafukansu kuwa na ranakun sa'a ne kawai. Babu mai ɗora hoton wunin da aka dawo hannu rabbana.

Hatsarin ma ba na wasa ba ne. Idan iska mai ɗumi ta bi ta kan ruwa mai sanyi, hazo yakan sauka ya rufe ido, a hanyar da manyan kwale-kwalen dakon kaya ke bi. Wanda ya faɗa ruwa mai sanyi da kaya masu nauyi, cikin ɗan lokaci hannayensa ke daina yi masa biyayya. Janyewar ruwa kuma takan bar jirgi a kafe kan taɓo, nesa da kowa, har sai ruwa ya dawo. Shi kansa gudun jirgi a ruwan da ya janye laifi ne idan farfela ta tumɓuke ciyawar ƙasa, domin tun 2013 dokar Texas ta haramta hakan a duk faɗin gaɓarta. Ciyawar nan ita ce gidan renon jatan lande da kaguwa da 'ya'yan kifi, kuma tabon farfela ɗaya yakan ɗauki shekaru bai rufe ba.

Idan sanyin ya wuce gona da iri

Duk abin da aka faɗa a sama na hunturu ne na yau da kullum. Kisan kiyashi yana faruwa ne idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri bakwai a ma'aunin Salshiyos, ya kuma daɗe a haka kwana ɗaya ko fiye. Mai-ɗigo ya fara sanɗarewa, ya kife, ya taso sama. Jan kifi ya fi shi juriya. Saurin saukar ma yana da tasiri, domin idan sanyi ya zo a hankali kifi yakan samu damar gudu zuwa zurfi, idan kuwa ya faɗo cikin dare bayan kwanakin ɗumi, a kan taɓo yake riskar sa.

Laguna Madre ta fi ko'ina shan wahala a 2021, kuma taswira ta nuna dalili. Ƙofofinta zuwa teku 'yan kaɗan ne, suna da nisa da juna, ramukanta masu zurfi kuma ba su da yawa. Daga cikin mai-ɗigo kimanin 160,000 da hukuma ta ƙiyasta sun mutu a duk jihar, sama da 100,000 a kudancin Laguna Madre kaɗai suke. A makon ne kuma aka tsinci kunkurun teku kimanin 13,000 da sanyi ya sanɗarar, har aka mayar da babban zauren taro na tsibirin South Padre wurin jinyarsu. Masu jiragen fatsa na cikin waɗanda suka yi ta kwaso su daga ruwa.

Dattawan gaɓar sun ga abin da ya fi wannan. Sanyin Disambar 1983 da na Fabrairu da Disambar 1989, su ukun sun kashe kifi kusan miliyan 32. Daga irin waɗannan darussa ne aka ba hukuma ikon rufe wasu ramuka masu zurfi na ɗan lokaci idan sanyi ya tsananta, domin kifin da ya taru a wuri ɗaya yana kasala, ko yaro zai kwashe shi. Tsintar kifin da sanyi ya sanɗarar da hannu ko da koma ma laifi ne. Akwai kuma wata yarjejeniya ta son rai da kamfanonin dakon kaya, cewa su tsayar da kwale-kwalensu a mashigin da aka haƙa ta tsakiyar Laguna Madre har sanyin ya wuce. Mashigin mai zurfin kusan mita huɗu shi ne babbar mafakar kifi, kuma farfelar babban jirgi takan gauraya ruwan sama mai sanyi da na ƙasa mai ɗan ɗumi, ta lalata mafakar.

Florida ta ga nata a Janairun 2010, lokacin da sanyi ya yi kusan mako biyu bai ɗaga ba. Kifin da ya fi jin jiki a can shi ne sunuk, ɗan ƙasashe masu zafi wanda ba ya jure sanyi ko kaɗan. Sai da aka hana ɗaukar sa a gaɓar yammacin jihar har zuwa Satumbar 2013. Karfasar Afirka da aka kai can ta bazu a tafkuna da magudanai ita ma tana cikin na farkon mutuwa a duk irin wannan sanyi. A North Carolina abin ya zama ƙa'ida: idan aka tabbatar sanyi ya yi ɓarna, sai a rufe kamun mai-ɗigo har watan Yuni, kamar yadda aka yi a Janairun 2018 da Janairun 2025, watan da dusar ƙanƙara ta lulluɓe birnin New Orleans.

Daga goma zuwa uku

A nan ne batun ya bar hannun yanayi ya koma hannun masu doka, kuma a nan ne cikin ɗan jagora ke ɗurar ruwa. Bayan sanyin 1983 aka ƙayyade wa kowane mai fatsa a Texas mai-ɗigo goma a rana. A 2007 aka rage zuwa biyar a kudancin Laguna Madre, a 2014 aka faɗaɗa ragin zuwa tsakiyar gaɓa, a 2019 ya game ko'ina. Makonni kaɗan bayan sanyin 2021 aka yi dokar gaggawa ta uku kacal a Laguna Madre, a shekara ta gaba aka ƙara wasu yankuna. Dokar ta ƙare a ƙarshen Agustan 2023 aka koma biyar, amma ba a jima ba, a Maris na 2024, hukumar ta mayar da uku a duk gaɓar jihar, kuma sai wanda tsawonsa ke tsakanin inci 15 da 20, in ban da ɗan sassauci ga babban kifi guda. Ɗan jagora da yaron jirginsa ba a lissafa su cikin masu rabo. Maƙwabciya Louisiana, wadda ta daɗe tana alfahari da yalwarta, ita ma ta sauko daga 25 zuwa 15 a Nuwambar 2023, ta kuma rage jan kifi daga biyar zuwa huɗu a Yunin 2024.

Hikimar hana ɗaukar manya a fili take. Mata sun fi maza girma a jinsin mai-ɗigo, kusan duk wani babba da ake ɗaukar hoto da shi mace ce, kuma ita ce ke zuba ƙwai mafi yawa daga Afrilu zuwa Satumba. Kasuwar hunturu, a taƙaice, a kan farautar iyaye mata aka gina ta. Mafi yawan gwanayen Baffin Bay yanzu auna kifin suke yi, su ɗauki hoto, su mayar da shi ruwa, kuma kifin da aka saka a ruwan sanyi ya fi na lokacin zafi samun tsira. Wasu 'yan jagorar ma tun kafin doka ta tilasta suka daina barin baƙi su tafi da kifi bayan 2021, wasu har da rangwamen kuɗi ga wanda ya yarda ya saki abin da ya kama.

Sai dai ba dukansu ne ke da irin waɗannan baƙi ba. Wanda abokan cinikinsa masu kuɗi ne da ke neman hoto da labari, ragin bai taɓa shi ba, ƙila ma ya ƙara masa kasuwa. Wanda kuwa ke ɗaukar iyalai da ma'aikata da tsofaffin 'yan fansho da ke gudo wa sanyin arewacin Amurka su yi hunturu a kudancin Texas, mutanen da ke auna tafiyar da abin da ya shiga firji, shi ne ke fama da tambayar ko kifi uku sun cancanci kuɗin shata. Shi ya sa duk zaman jin ra'ayin jama'a kan wannan batu yakan raba 'yan sana'a ɗaya gida biyu.

Akwai wani tarihi da bai kamata a tsallake ba. Kafin 1981, masunta na sana'a ne ke kama waɗannan kifaye da taru suna kaiwa kasuwa. Masu fatsar nishaɗi, ƙarƙashin wata ƙungiya da suka kafa a Houston a 1977, wadda yau ake kira CCA, su suka matsa har Gwamna Bill Clements ya sa hannu a dokar da ta hana sayar da jan kifi da mai-ɗigo da aka kama a ruwan jihar. A 1988 aka hana tarun gaba ɗaya a ruwan gishirin Texas, Florida kuma ta bi sahu da ƙuri'ar jama'a a 1994. Hujjarsu tana da ƙarfi, musamman bayan da wani mai dafa abinci na New Orleans, Paul Prudhomme, ya shahara da gasasshen jan kifi a farkon shekarun 1980, buƙata ta yi tashin gwauron zabo, manyan jirage suka shiga kwasar garken iyaye a cikin teku har gwamnatin tarayya ta rufe kamun kafin ƙarshen shekarun. Jan kifi ya farfaɗo, wannan babu musu. Amma gaskiya ce kuma cewa an karɓe ruwan daga hannun masu ci da shi an miƙa wa masu wasa da shi, kuma wasu daga cikin 'yan jagorar farko tsofaffin masu taru ne da ba su da wata mafita. Yau babu mai taru da za a ɗora wa laifi. Masu fatsar ne da kansu suka yi yawa, da jirage masu gudu a ruwan da bai kai gwiwa ba da na'urorin da ke nuna kowane rami.

Abin da ya sa Texas ke iya yanke hukunci da sauri shi ne tana da ma'auni. Tun 1975 ma'aikatan hukumar ke kafa tarun gwaji a kowane lungu, sau biyu a shekara, su ƙirga abin da ya shiga. Tana kuma da gidajen ƙyanƙyasa uku, a Lake Jackson da Corpus Christi da Palacios, waɗanda ke zuba miliyoyin 'ya'yan kifi cikin ruwa duk shekara, kuma kuɗin lasisi da harajin kayan fatsa ne ke ɗaukar babban kaso na nauyin aikin. Mai-ɗigo yana balaga cikin shekara ɗaya zuwa biyu, don haka adadinsa kan dawo cikin shekara biyu ko uku idan an ɗaga masa ƙafa. Babba irin na Baffin Bay kuwa sai an jira shekaru da yawa fiye da haka.

Rashin sanyin ma yana da tasa ɓarnar. Akwai wani kifi shimfiɗaɗɗe kamar faifai, mai idanu biyu a gefe ɗaya, wanda suke kira fulanda. Yana fita teku ya yi ƙwai a ƙarshen kaka, 'ya'yansa su shigo lunguna a tsakiyar hunturu, kuma sai ruwa ya yi sanyi daidai gwargwado suke rayuwa. Idan ya yi ɗumi da yawa, ban da mutuwar da suke yi, mafi yawan waɗanda suka tsira maza suke zama. Adadinsa ya yi shekaru yana raguwa a Texas yayin da hunturu ke ƙara ɗumi, har ta kai tun 2021 ake rufe kamunsa daga 1 ga Nuwamba zuwa 14 ga Disamba. Waɗannan makonni shida su ne da can kakar 'yan jagorar da ke fita da dare da fitila da mashi, lokacin da manyan matan fulanda ke tururuwar fita ta ƙofofin teku.